Naman Kalangu

Ban yi boko ba, allon ma ban wuce ƙananan surori ba aka cire ni. Matar jikana ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na gaya mata in ta ga ina kuka kada ta dakata, ta ci gaba da rubutunta, kukan ba na yau ba ne. Abin da nake so a rubuta shi ne abin da ƙanen mijina ya yi wa yayansa, da dalilin da ya sa har yau bakina bai ce na yafe ba.

A Birnin Tsaba aka haife ni, ƙasar Zurmi. Gidanmu gidan noma ne, gero da dawa, sai 'yan awaki. Tun ina ƙarama Allah ya ba ni wani abu: in na ga abin dariya, sai ya zo mini a waƙa. Jakin maƙwabcinmu ya ƙi tsallaka rafi ya zauna da kaya a tsakiyar ruwa, kafin yamma na yi masa waƙa, 'yan mata na tafa ta a dandali. Wata mai fura ta cika wa nononta ruwa, ita ma ta samu tata. Ni ke bayarwa, su suna amsawa. Ban san wani daɗi a duniya da ya kai wannan ba.

Ran nan na ɗaura zane zan fita gaɗa, innata ta tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Dandali, Inna."

"Dubi ƙirjinki. Ke da dandali sai dai ki ji labari. Ga turmi can, ga gero."

Shi ke nan, girma ya zo. Na ɗauki taɓarya ina hawaye, ina jiyo muryoyin ƙawayena suna rera waƙar jakin da ni na yi. Ina cikin dakan ne na lura taɓarya ma tana da kiɗa. In ta sauka ta ce wani abu, in ta tashi ta bar wuri, kuma wurin nan da ta bari daidai yake da kalma biyu ko uku. Kafin geron ya surfu na yi sabuwar waƙa. Daga ranar na samu wurin ɓuya. Jikina yana aikin manya, ni kuwa ina can ciki ina wasa, ba wanda ya isa ya tare mini ƙofa.

Maigidana makaɗin mahauta ne. A kasuwar Shinkafi na fara ganinsa, na raka gwaggona sayar da daddawa. Yana tsaye bakin rumfunan nama da kalangu a hammata, yana matsa shi yana saki, kalangun na magana kamar mutum. A wancan zamani in an kayar da sa, kalangu ke gaya wa gari. Mace tana cikin gida za ta ji, ta san yau akwai nama mai kitse ko kuwa ramamme ne, ta san ma wane mahauci ya yanka. Ba a biyan makaɗi da komai sai da naman, kowane mahauci ya yanko masa rabonsa. Babana ya ɗan yi jinkiri da ya ji sana'ar, amma ya bincika ya tarar mutum ne mai salla, ba ya sha, ba ya caca. Ni kuwa na riga na ce shi nake so.

Muka zauna Kaura Namoda, kusa da tashar jirgi, don a nan mahauta suka fi yanka. Ba mu daɗe ba ya shigo wata rana ya tarar ina daka ina rera wani abu a kan wani bajimi da na gani ana ja, mai tozo kamar rumbu. Ya tsaya a bayana ban sani ba.

"Wa yab ba ki wagga waƙa?"

"Ni niy yi ta."

"Ke dai faɗi gaskiya."

"To je ka tambayo, in ka samu mai ita ka kai mashi."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce in sake. Na sake. Washegari ina tsakar gida na jiyo waƙata tana tasowa daga kasuwa, da muryarsa, kalangu na bin ta. Da azahar ya shigo da cinya guda, ya ajiye a gabana ya ce, "Ga rabon mai waƙa." Haka muka rayu. Ni in yi a turmi, shi ya kai kasuwa. Ba wanda ya sani sai mu biyu. Na haihu, na binne waɗansu, mun ga fari, mun ga shekarar da gero ya ƙi. Duk lokacin da abin ya yi mini nauyi sai in ɗauki taɓarya in shige waƙa, shi kuma da dare ya ce, "Yau mi kika kawo muna?"

Ƙanensa ya zo hannunmu yana ƙarami, bayan iyayensu sun rasu a Galadi. Ya zo da ƙuraje a ka da ciki kumburarre. Ni na yi masa wanka, ni na shafa masa magani, ni na goya shi duk da ƙafafunsa na jan ƙasa. Da yake ba shi da ƙwari, duk hantar da aka yanko wa maigida shi nake gasa wa. Ɗiyana na kallo, na hana su. Ina tsokanarsa ina ce masa mijina ƙarami, shi kuma ya ce, "Yaya, in na girma zan saya maki jirgin ƙasa." Yayansa ya sa shi makarantar allo, ya sa shi ta boko, daga baya ya roƙa masa wurin wani mai mota. Ya fara da karen mota har ya zama direba, yana jan bas tsakanin Kaura da Shinkafi, wani lokaci har Jangeru. Mu muka yi masa aure. Duk wani ƙashi da ke jikinsa, kalangu ne ya gina shi.

Da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato, maigida ya yi kiɗa har hannunsa ya kumbura. Bayan 'yan shekaru aka ce za a yi Shari'a, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Gusau. Ni ma na yi murna, kada wani ya ce ban yi ba. Gidajen giya da ke bayan tasha, waɗanda suka cinye mana samari, duk aka rufe. Aka ce an hana kiɗa a biki, maigida ya ce to, ya daina zuwa biki. Ya rage sai kiɗan mahauta da safe, wanda sanarwa ce kawai. Ya je da kansa ya tambayi wani tsohon malami na unguwarmu, malamin ya ce shi bai ga laifin gaya wa mutane an yanka sa ba.

A lokacin ƙanen nan ya shiga wani kwamiti da samarin unguwa suka kafa, masu zagayawa suna gyara mutane. Yana son a ba shi na'ibin liman a masallacin tasha. Sai abokan takararsa suka samu abin faɗa: ƙanen makaɗi ne, a gidan kiɗa ya tashi. Maganar ta ci shi. Ba alƙali ya aiko shi ba, ba hakimi ba, ba kowa ba. Shi ya ga hanyar wanke kansa.

Ban gani da idona ba, matar sarkin fawa ce ta ba ni labari, kuma mijinta na wurin. Ranar kasuwa ce, an cika. Ya zo da samari a bayansa, ya tsaya gaban yayansa, ko gaisuwa babu. Ya ce, "Yaya, ka tuba. Duk abin da kac ci da wannan, wuta ce." Ya zare kalangun daga kafaɗarsa, ya ɗauki wuƙa a kan teburin wani mahauci, ya farke fatar gaba, ya juya ya farke ta baya, ya bi tsarkiyoyin ya tsittsinke. Mahauta na tsaye da wuƙaƙe a hannu, ba wanda ya hana shi, don kowa na tsoron a ce ba ya son Shari'a. Maigida, mai furfura, ya durƙusa a gaban jama'a yana tsince tsarkiya daga cikin jini da ƙasa.

Ya shigo gida da icen kalangun a hammata, inda ya saba riƙe shi. Na ce, "Mi ya faru?" Ya ce, "Yaro ya girma." Na ce ya sake ɗaura wata fata, ya ce ba zai sa a ce ƙanensa ya kasa gyara gidansu ba. Ku ji fa. Har a lokacin mutuncin yaron yake karewa.

Mahauta suka ci gaba da aiko masa nama don kunya, ya ce a mayar, shi ba ya cin abin da bai yi aikinsa ba. Ya gwada dako a tasha, ƙarfinsa bai kai ba. Sai ya koma zaman zaure. In na leƙa sai in ga yatsunsa na bugun gwiwarsa, in ya gan ni ya tura hannun ƙarƙashin riga. Na yi masa waƙoƙi, ya saurara ya ce ta yi daɗi, amma ba inda za a kai su. Da damina zazzaɓi ya kama shi, irin wanda a da yake tashi da shi ya tafi kasuwa. Wannan karon bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni dai na san ajali ne, kuma na san wanda ya share wa ajalin hanya.

Ranar zaman makoki ina ɗaki, tsakanina da maza sai zana. Da kunnena na ji ƙanen yana amsa gaisuwa yana cewa, "Alhamdu lillahi, Allah ya sa na raba shi da abin nan kafin ya cika." Mutane na cewa madalla. Na cusa bakin zane a bakina don kada in yi ihu.

A cikin takaba waƙar ta zo. Ban neme ta ba. Ina zaune, ba fita, ba ado, ba daka, sai ta dinga zuwa baiti baiti, ni kuma ina juya ta ina goge ta har ta yi kaifi. Sunansa sunan surukina ne, ban taɓa kama shi da bakina ba, don haka babu suna a ciki. Ba ta ma bukata.

Wa ya ci hanta, wa ya ci ƙoda,
Wa ya siɗe kwano har ya yi ƙara?
Da ƙoshi ya zo sai ya ɗau wuƙa,
Ya farke fatar da ta ba shi tsoka.

Amshin kuwa: Maido nama, ƙanen maigida, maido naman kalangu.

Na auna ta da lugude. Wanda bai sani ba, lugude shi ne mata uku ko huɗu su kewaye turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi, mace ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe. An hana ganga, an hana kalangu, amma ba wanda zai hana daka, sai in gari zai kwana da yunwa. Da na fita takaba, bikin farko da aka kira ni dakan gero, na karɓi taɓarya na bayar. Matan suka kasa kunne a baitin farko. A na biyu wata ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Kai, Inna, ba ki da dama!" A na uku duk gidan na amsawa.

Ban sake koya wa kowa ba. Amaren da aka kai Shinkafi suka tafi da ita, waɗanda aka kai Zurmi ma haka. Daga turmi ta faɗa tashar mota. Yaran mota su dinga buga gefen bas ɗinsa da tafin hannu daidai amshin, ba su ce komai ba, bugun kawai. Fasinja in zai sauka ya ce, "Direba, a tsaya nan, a maido nama." An ce har a gidansa ya shiga ya tarar ɗiyansa mata na daka da ita, ya kifar da turmin. Na'ibin da yake nema aka ba wani, dattawan masallaci suka ce ba za su bi wanda ake daka da shi ba. Da labarin ya zo mini na ci tuwo har na nemi ƙari, rabona da haka tun maigida na da rai.

Ya aiko a gaya mini zai kai ni gaban alƙali. Na ce wa ɗan aiken, "Ka ce mashi ina jira. In mun je sai ya tashi ya gaya wa alƙali shi ne mai cin hantar." Ban sake jin maganar ba.

Amma bari in faɗi wani abu. Waƙoƙina na da, in na shiga cikinsu nakan fito da sauƙi, kamar wadda ta yi wanka. Wannan ba haka take ba. In na rera ta ba na komawa yarinya, tsohuwa nake zama, mai takaba, mai ɗacin baki. Kuma tun da ta zo, wata ba ta sake zuwa ba. Na ga abin dariya da yawa tun daga lokacin, na jira, shiru. Wannan ma yana cikin abin da ya farke da wuƙar nan, kuma shi ma ina bin sa.

Shekaru suka ɗan ja, sai aka ce ya samu kujerar Makka. Kowa ya san yadda ake yi. Maniyyaci yakan bi gida gida, dangi da maƙwabta, ya ce a yafe masa, su kuma su ce ba ka yi mana komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba a tsayawa tunani, kamar amsa sallama ne. Ya zo da hantsi, da farar riga, da wani dattijon unguwa ya rako shi. Na shimfiɗa musu tabarma. Ya tsuguna, gemunsa ya fara fari, ya yi kama da yayansa har na kau da kai.

"Yaya, na zo sallama. In Allah ya so mako mai zuwa za mu tashi. Abin da niy yi maki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mani."

"Wane ne ka sani?"

Ya ɗago. Dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "Haba, ai ba a tonawa. Cewa ake an yafe."

"Malam, shi ya ce akwai wanda ya sani. Ina son in ji shi."

Ƙanen ya ce, "Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Ni ma kin yi mani. Shekara nawa ana daka da ni? Ɗiyana ba su iya ɗaga kai. Ni na yafe maki."

"Ban roƙe ka ba. Riƙe abinka."

"Zan yi maki addu'a gaban Ka'aba. Zan yi ma marigayi ɗawafi."

"Ka yi, Allah ya karɓa. Amma ba a Makka ka kunyata shi ba, a kasuwar Kaura ne. Ka je rumfar mahauta ranar kasuwa, da wannan rigar, ka tsaya inda ka tsaya. Ka ce yayanka mutumin kirki ne, ka ce da naman kalangu ya rene ka, ka ce halas ka ci. Ka ɗaga murya yadda ka ɗaga ta ran nan. In ka yi, kafin ka iso gida na yafe, kuma duk turmin da na ji ana waƙar zan je da kaina in roƙa a bari."

Ya mai da idonsa kan tabarma. Dattijon ya ce mini Allah na son mai yafiya, kuma ni ma ina bukatar a yafe mini. Na ce na sani, Malam, kullum ina roƙo. Amma ku kuka karantar da mu cewa haƙƙin wani Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe, mai shi kuwa yana cikin ƙasa, ni ya bar wa. Ƙanen ya tashi ya kaɗe riga ya ce, "To, Yaya, zan je."

Ranar kasuwa na wuni ina jira. Wallahi so nake ya yi. Na gaji, ina son in sauke. Har na fara shirya yadda zan ce da shi, in kira shi mijina ƙarami kamar da. Da la'asar ya aiko matarsa ta ce in ji shi ya je, ya cika alkawari. Na ce madalla, ta gaishe shi. Da ta fita na yafa mayafi na tafi gidan sarkin fawa da sandata. Tsohon yana zaure. Na tambaye shi ko ƙanen maigida ya zo rumfa yau.

"Ya zo."

"Mi yac ce?"

"Ya yi sallama, ya ce za shi Makka, mu yafe mashi. Munka ce Allah ya kiyaye hanya. Ya sayi nama na guzuri, har na ƙara mashi gyara."

"Bai ambaci yayanai ba?"

Tsohon ya yi tunani. Ya ce, "Ya dai tsaya can wurin, ya jima, kamar zai yi magana. Mutane sunka taru suna ta Alhaji, Alhaji. Sai ya ɗauki namansa."

Na dawo gida a hankali, ina hutawa a gindin kowace itaciya. Safiyar da za su tashi motocin maniyyata suka bi ta bakin layinmu, mata na guɗa, yara na bin su da gudu. Ban fita ba. Na sa aka jawo mini turmi, na zuba ɗan gero, taɓaryar ta yi mini nauyi. Ni kaɗai, ba mai amshi, na bayar na amsa wa kaina har motar ƙarshe ta wuce.

Ya je ya dawo lafiya. Ya aiko mini da dabino da zamzam da darduma, na ce a mayar masa da godiya. In mun haɗu a suna ko jana'iza yana gaishe ni ina amsawa, don sallama ta Allah ce. Wani lokaci yakan tsaya bayan gaisuwar, ya dube ni, yana jiran sauran. Kasuwa dai tana ci kowane mako, rumfar mahauta ba ta tashi daga inda take ba, kuma har yanzu ƙafafunsa na kai shi masallaci. Ranar da suka kai shi rumfar ya faɗi abin da na ce, a zo a gaya mini, ko ina kwance ne zan ce na yafe. In kuma ni ko shi wani ya riga tafiya, sai mu haɗu a gaban Allah mu uku, ya faɗa a can.